Amanar da Aka Damƙa Mini a Yendi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai nake buɗe bakina, ina kuma neman tsarinsa daga in faɗi abin da ban gani ba. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa, da alayensa, da sahabbansa.

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Wahabu. Mai girma Sarkin Zangon Salaga tare da dattawansa. Wakilin Mai Martaba da ya taso daga Kpembe. Limamin gari da malamanmu, na gida da waɗanda suka zo daga Yendi. Magajiya Atikatu da iyayenmu mata. Hajiya Zuwera, matar marigayi Manjo Sualihu Dramani, wadda ta sha doguwar hanya tun daga Navrongo. 'Yan'uwana tsofaffin sojoji da na ga sun gogo lambobinsu sun maƙala. Shugabannin Ƙungiyar Matasan Zango. 'Ya'yanmu tara, samari bakwai da 'yan mata biyu, da aka ɗauka aikin soja, waɗanda dominsu muka taru. Jama'ar Salaga maza da mata, manya da yara: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina godiya ga shugaban taro da ya ba ni wannan dama. Ina godiya ga matasan da suka shimfiɗa tabarmi, suka kafa rumfa, suka aro lasifika. Ina godiya ga iyayen waɗannan yara, domin ba ƙaramin abu ba ne mutum ya raini ɗa shekara ashirin, sannan ya miƙa shi ga aikin da ba a tambayarsa inda za a kai shi.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Mutaru. A unguwar nan aka haife ni, bayan tsohon masallaci. Mahaifina ya rasu ina ɗan shekara shida, ƙanin mahaifiyata, Alhaji Iddrisu mai sayen doya, shi ya riƙe ni. Na shiga soja a shekarar 1976, na yi shekara ashirin, na fito bara da muƙamin samanja. Ni ba malami ba ne, ba ni da wa'azi. Abin da soja ya iya shi ne rahoto: ina aka je, me aka tarar, me aka yi. Saboda haka rahoto zan ba ku a kan abubuwa uku. Na farko gajere ne, na biyu yana da tsawo, na uku kalmomi kaɗan ne. Duka ukun a hannun mutum ɗaya na koye su, wato Manjo Sualihu, wanda Allah Ya yi wa rasuwa a daminar da ta wuce, a kan gadonsa, bayan jinyar wata huɗu.

Kada wani ya ɗauka waliyyi zan siffanta muku. Mutum ne siriri, mai saurin hasala, mai in'ina idan ransa ya ɓaci. Ba ya dariya da ƙananansa, ba ya iya lallashin manyansa, shi ya sa abokan karatunsa suka wuce shi a muƙami. Da yawa daga cikinmu ba mu ƙaunace shi ba sai bayan mun rabu da shi.

Abu na farko: hannun soja da dukiyar mutane.

A shekarar 1984 an tura mu Bawku, lokacin da gari ya rikice aka sa dokar hana fita. Dattawa suna tune da yadda ƙasa take a lokacin. Yunwar shekarar da ta gabata ba ta gama sakin mutane ba, mu ma a bariki garin rogo muke jiƙawa. Ina kofur mai igiya ɗaya, an sa ni a shingen hanyar da ta fito daga Garu. Wata safiya motar kasuwa ta tsaya, muka sauke fasinja muna duba kaya ko akwai makami. Babu makami. Amma akwai buhun albasa, irin jar albasar Bawku ɗin nan da kuka sani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ni da hannuna na ja buhun na ajiye bayan shinge, na ce wa direba ya wuce.

Mai buhun wata mata ce, Adiza. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Cewa ta yi da irin Hausarta: “Soja, yara na shida. Wannan buhu shi ne abinci su.” Na ce mata ta hau mota ko ta kwana a nan. Ta hau.

Ko awa ɗaya ba a yi ba sai ga Laftana Sualihu, a lokacin yana da anini ɗaya, ni ma na girme shi da shekara biyar. Ya ga buhu, ya tambaya, wani ya faɗa masa. Bai mare ni ba, bai kai ni gadurum, ɗakin da ake tsare soja mai laifi, ba. Ya ce, “Kofur, ɗauka.” Na ɗora a ka. Daga shingen zuwa kasuwar Bawku ya kusa mil biyu, da kakina, da takalmina, rana tana dukana, mutane suna tsayawa suna kallo. Abin da nake so ku lura da shi, ku 'ya'yanmu, shi ne wannan: bai hau mota ya bi ni a baya ba. A ƙasa ya taka, a gabana, har cikin kasuwa, yana tambayar mutane ina matar Garu mai albasa. Da muka same ta, shi ya fara cire hularsa. Ya ce, “Uwa, yarona ne ya ɗauki kayanki, ke nan ni na ɗauka. Ki yi haƙuri.” Matar ta tsorata, sai “To, Massa, to, Massa” take maimaitawa.

A hanyar komawa magana ɗaya ya yi mini. Ya ce, “Yau ka ɗauki albasarta ta yi shiru. Gobe idan ta ga inda aka binne bindigogi, shirun za ta yi maka.” Na ji haushinsa wata guda cur. Amma tun daga ranar ban sake kai hannu ga abin kowa a bakin shinge ba, ko da ƙwayar goro ce aka miƙo mini da fara'a. Domin kyautar da aka ba mai bindiga a tsakiyar hanya ba kyauta ba ce, tsoro ne aka naɗe a ganye. Kuma kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Abu na biyu: zuciyar soja da jinin gidansu.

Babu wanda ke zaune a filin nan da zan ba shi labarin watan Fabrairun 1994. Kun ga hayaƙi daga ƙofar gidajenku, kun karɓi masu gudu, kun binne naku. Ba zan kira sunan wata ƙabila ba, kuma ina roƙon kada wani ya kira mini daga cikin taro. An zauna an yi sulhu, ba ni zan tono abin da manya suka rufe ba. Labarina kawai zan faɗa.

An kawo rukuninmu Yendi a cikin azumi. Ina saja a lokacin, Sualihu ya zama manjo, kuma Allah Ya sake haɗa mu bayan shekara goma. Kwananmu uku da isa labari ya same ni cewa an kashe kawuna Alhaji Iddrisu. Ya tafi ƙauye ɗaukar doya kamar yadda ya saba shekara talatin, rikici ya rutsa da shi a can, aka ƙone motar, aka sare shi. Direbansa Sidiku ne ya tsira, ya bi daji har ya faɗo Yendi, gidan yayata Fuseina, babbar 'yar Alhaji, wadda ke aure a gidan malamai a Zangon Yendi. Ni da Fuseina a kwano ɗaya muka ci tuwo. Ita ta goya ni ranar da aka kawo ni gidansu. Na nemi izinin zuwa Salaga, ba a ba ni ba, domin babu hanya kuma babu mutane. Na yi alwala na yi masa addu'a a bayan tanti, na koma bakin aiki.

Bayan kwana biyar, da hantsi, 'yan sintirinmu suka tsinto mutane a cikin wani busasshen rafi, suna ƙoƙarin kewaye gari su ɓulla hanyar Saboba. Mutum talatin da ɗaya ne, yawancinsu mata da tsofaffi da goyo, maza huɗu kawai. Sun kwana biyu ba su ci ba. Aka zaunar da su ƙarƙashin wani mangwaro a harabar da muka yi sansani, aka sa ni da sojoji goma sha huɗu mu tsare su har a sami motar da za ta kai su Tamale.

Labari ba ya jiran mota. Kafin azahar mutane sun cika bakin wayar da aka kewaye harabar da ita, ɗari biyu ko fiye, wasu da sanduna, wasu da adduna. Sai na ji murya ta tashi sama da ta kowa: “Shi ne! Wallahi shi ne! Mai jar riga!” Sidiku ne, yana nuna ɗaya daga cikin mazan nan huɗu. Na duba, na gane mutumin. Manomi ne da kawuna ya daɗe yana sayen doya a hannunsa. Ya sha kwana a zaurenmu, na sha kai masa ruwan wanka ina saurayi. Ba zan kira sunansa ba, domin yana raye kuma yana da 'ya'ya. Mu ce da shi manomin.

Mutane suka dare, sai ga Fuseina, ba takalmi, mayafi a kafaɗa. Ta kama wayar da hannu biyu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Mutaru, ga wanda ya kashe Baba. Ga bindiga a hannunka. Me kake jira?”

Jama'a, an ce ɗan'uwa rabin jiki. Zan faɗa muku abin da hannuna ya yi ba tare da na yi shawara da shi ba. Na ɗana bindiga. Kowa ya ji ƙarar. Sojojin da ke bayana babu wanda ya motsa, domin duk sun san abin da aka yi mini, kuma na san da na harba babu wanda zai ba da shaida a kaina. Matan da ke ƙarƙashin mangwaro suka kifa kan 'ya'yansu. Manomin kuwa bai tashi ba, ya dai zuba mini ido.

A nan Manjo ya iso. Ba da gudu ba. Ya tako ya tsaya daidai tsakanin bakin bindigata da mutumin, ya ba shi baya, ya fuskance ni. Ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai zan ji.

Ya ce, “Saja, ka gani da idonka?”

Na ce, “Sidiku ya gani, Sa.”

Ya ce, “Ba Sidiku na tambaya ba.”

Na ce, “Ban gani ba, Sa.”

Ya ce, “Ko da ka gani, wannan bindigar ba ta gidanku ba ce. Sauke.”

Na sauke. Na ɗauka zai karɓe ta ya sa a tsare ni, kuma da ya yi haka da ya yi daidai bisa doka. Sai ya juya ya ɗaga murya yadda har na bakin waya za su ji: “Mota ta iso. Saja Mutaru ne zai kai mutanen nan Tamale. Talatin da ɗaya na ba shi, talatin da ɗaya zai sauke.”

Na ce, “Sa, don Allah ka ba wani.”

In'inarsa ta taso, sai da ya yi fama kafin ta fita. Ya ce, “Ba-ba-ba ni da wani. Hau mota.”

Fitar motar nan daga harabar ya fi komai wuya. Mutane sun toshe ƙofa. Manjo ya bar bindigarsa a hannun wani kofur, ya fita gabansu hannu wofi, yana magana da Dagbanci yana juyawa da Hausa. Wani tsohon malami na Zangon Yendi, wanda ban san sunansa ba har yau, ya fito daga cikin taron ya tsaya kusa da shi, ya dogara sandarsa. Dutse ya taso daga baya ya sami Manjo a gira, jini ya rufe masa ido ɗaya. Na ji sojoji suna ɗana bindigogi. Ko juyowa bai yi ba, ya ɗaga hannu ya ce, “Duk wanda ya harba, ni ya harba.” Ya ci gaba da takawa a gaban mota, taku ɗaya-ɗaya, jini yana ɗiga a kakinsa, malamin yana gefensa, har mutane suka buɗe hanya. Ina tsaye a bayan motar, fuskata a waje, kowa yana ganina. Na ga Fuseina. Ta dube ni, ta tofar da yawu a ƙasa, ta juya.

Daga Yendi zuwa Tamale mil sittin ne ko kusa. Mun yi kamar rabi sai mota ta yi zafi, direba ya tsaya a wani ƙauye da aka ƙone, babu kowa sai awaki suna yawo cikin toka. Ya tafi neman ruwa a rijiya. Muka sauke mutane su sha iska. Wani kofur da ke tare da ni, mutumin kirki ne, don ƙaunata ya faɗa, ya matso ya ce, “Saja, in ka ce mutumin nan ya ruga da gudu, mu ba mu ga komai ba.” Daji ne hagu da dama. Manjo yana mil talatin a bayanmu.

Na je na tsaya a kan manomin. Hannunsa a ɗaure, leɓɓansa sun tsage. Na ce, “Kai ka kashe Alhaji?”

Ya ce, “Saja, ni na je wurin, gaskiya. Adda a hannu na, gaskiya. Ranar kowa adda a hannu. Amma ni ban sare Alhaji ba. Shekara ashirin da biyar ni da shi.”

Na ce, “To wa ya sare shi?”

Ya sunkuyar da kai. Na sake tambaya. Can ya ce, “Ka ba ni ruwa.”

Ina azumi, gorata cike take tun asuba. Na daɗe a tsaye. Daga nan na kwance gorar, na kafa masa a baki, ya sha, na miƙa sauran ga wata tsohuwa.

Zan so in ce muku tausayi ne ya kama ni, amma na yi alkawarin rahoto. Ban ji tausayinsa ba, ko kaɗan. Ban kuma yarda da maganarsa ba. Abin da ya riƙe hannuna shi ne an damƙa mini shi a gaban jama'a, kuma wanda ya damƙa mini na bar shi yana zubar da jini domin motar ta fita. Na auna yadda zan tsaya a gabansa in ce mutum ya gudu, na ga ba zan iya ba. Iyakar abin ke nan. Wani lokaci imanin mutum yakan yi rauni, sai kunyar wani mutumin kirki ta riƙe shi har imanin ya dawo. Shi ya sa shugaba yake da nauyi: ba ya sanin ranar da kunyarsa kaɗai ce za ta tsaya tsakanin yaronsa da jinin wani.

Mun isa Tamale bayan la'asar. Na sauke talatin da ɗaya. Na miƙa manomin ga 'yan sanda tare da bayanin Sidiku, aka sa hannu, na juyo.

Za ku so ku ji ƙarshensa. An tsare shi wata bakwai. Da aka zo bincike, Sidiku ya ce ya gan shi a wurin da adda, amma sa'ad da aka kai sara shi yana cikin ciyawa yana gudu. Babu wani mashaidi. Aka sake shi. Na ji yana noma a wani ƙauye bayan Saboba. Ko shi ne, ko ba shi ba ne, ban sani ba. Shekara uku ke nan ban sani ba, kuma na sa a raina ba zan sani ba sai ranar da za a tona komai. Wanda yake jiran in ce daga baya gaskiya ta fito, mutumin ba shi da laifi, don haka na yi daidai, to ba ni da wannan labarin. Na yi daidai ko da shi ne.

Bayan an kwana biyu na tambayi Manjo dalilin da ya sa ya zaɓe ni. Girarsa da ɗinki biyar. Ya ce dalili biyu ne. Na ɗaya, mutanen Zango ba za su ƙone motar da ɗan Alhaji Iddrisu yake tsaye a bayanta ba. Na biyu, da ya karɓe bindigata a gaban jama'a, da na ƙare rayuwata a matsayin wanda aka hana, kuma wanda aka hana yakan jira wata rana. Na ce, “Sa, da na harbe shi a hanya fa?” Ya ce, “Da ni da kai mun tsaya gaban kotun soja, ni a gaba. Tun da motarku ta fita ban tashi daga bakin rediyon oba-oba ba, ko ɗinkin nan a wurin aka yi mini.” Ashe shi ma bai tabbata ba. Ya dai auna, ya yanke, ya ɗauki nauyin abin da ya yanke.

Kada kuma in ɓoye muku farashinsa. Da hanya ta buɗe na zo Salaga sadakar arba'in. Na yi sallama a zauren da na girma, aka amsa a ciki-ciki, babu wanda ya matsa mini a tabarma. Buhun shinkafar da na kawo, da yamma na tarar an mayar mini da shi ƙofar ɗaki. A kasuwa na ji ana cewa, “Ga wanda ya yi wa makashin ubansa rakiya.” Wasu daga cikin masu faɗar haka suna zaune a nan, kuma ban riƙe su a zuciya ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma da ni ne a wajen waya da abin da zan faɗa ke nan. Fuseina kuwa ta yi shekara uku ba ta amsa gaisuwata ba, ko a Sallah, ko a gidan suna, ko a gidan rasuwa.

Abu na uku, na ce kalmomi kaɗan ne: oda. Ku bi oda. Ku bi ta ko kuna so ko ba ku so, ko mai ba ku ita ƙaninku ne a haihuwa, domin rundunar da kowa ke bin ra'ayinsa taron 'yan fashi ce da kaya iri ɗaya. Amma akwai odar da ba a bi: a ce ka harbi wanda ya ɗaga hannu, ko ka taɓa mace, ko ka ƙone rumbun talaka. Wannan ko daga bakin wa ta fito, ka ƙame, ka sara masa, ka ce, “Sa, ba zan iya ba,” ka karɓi hukuncin da zai biyo baya. Gadurum yana da ƙofar fita. Kuma idan Allah Ya ɗora muku igiya ko anini, ku tuna na ƙasa da ku ba maganarku suke saurare ba, ƙafarku suke kallo.

Mai girma shugaban taro, saura magana ɗaya in zauna, kuma sai da na nemi izinin mai ita kafin in kawo ta nan.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, ina zaune a ƙofar gida sai na ga mace ta sauko daga motar Yendi da saurayi a bayanta. Yaya Fuseina ce. Na miƙe, na rasa ko in gaishe ta ko in yi shiru. Ba ta zauna ba, ba ta karɓi ruwa ba. Ta tura saurayin gabana ta ce, “Mutaru, ga Kassim. An ɗauke shi soja.” Na ce Allah Ya sa albarka. Ta ce, “Ba addu'a na zo nema ba. Tun ranar da aka kashe kakansa yake cewa sai ya riƙe bindiga. Ni na haife shi, na san abin da ke cikin idonsa, irin wanda ke cikin nawa ne ranar nan. Ni ban huce ba, kada ka ɗauka na huce. Amma ba na so ɗana ya dawo mini da jinin wani a hannunsa. Kai ka san yadda ake yi. Ka faɗa masa.”

Na ce mata ban iya faɗa a ɗaki ba, amma an ba ni magana a taron Zango, zan faɗa a can kowa ya ji. Ta ce, “Faɗi duka. Har da yawun da na tofar.”

Kassim, kana cikin taran nan, a layin gaba. Tashi jama'a su gan ka. Kakanka shi ya yi mini kaciya, shi ya sa ni makaranta, shi ya raka ni tasha ranar da zan tafi kurtu. Babu wanda ya fi ni son a ce yau yana zaune a rumfar nan. Za a ba ka bindiga nan da 'yan watanni, kuma wata rana za a tura ka garin da ba ka so, ka tsare mutanen da ba ka ƙauna. A ranar babu ni, babu Manjo, babu mahaifiyarka. Na faɗa maka duk abin da na sani, a gaban Sarki, da Liman, da uwar da ta haife ka. Abin da za ka yi da shi kuma, naka ne. Zauna, ɗana.

Allah Ya jiƙan Alhaji Iddrisu, Ya jiƙan Manjo Sualihu, Ya jiƙan duk wanda ya rasa ransa a wannan fitina, wanda muka sani da wanda ba mu sani ba. Allah Ya sanyaya zukatan da har yanzu suke ciwo, a lokacin da Ya ga dama. Allah Ya tsare 'ya'yan nan tara, Ya haɗa su da shugabanni masu kunya, Ya tsare hannuwansu daga dukiyar mutane da jinin mutane, Ya dawo mana da su da ƙafafunsu. Allah Ya zaunar da Salaga lafiya, da Yendi, da Bawku, da Saboba, da ƙasarmu Ghana baki ɗaya. Allah Ya ƙara wa Sarki da malamanmu lafiya, Ya mai da kowa gidansa cikin aminci.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah. Na gode.